Yanda na raya batirin motar Yaya da ƙaramin sola a kangon da babu wutar nepa

Ƙarshen 2023 Yayana ya samu aiki a Saudiyya, kuma ya rantse shi dai ba zai sayar da motarsa ba, wata Corolla ce 2006 'yar Kwatano da ya sha wuya kafin ya haɗa kuɗinta. Gidan hayar da yake ciki ya saki, iyali sun koma gida, mu kuma namu gidan a cikin gari lungu ne, ko adaidaita sai da dabara take shiga balle mota. Shi ne aka kai ta kangonsa can wajen Janguza a bayan garin Kano, an zagaye an sa get, akwai rumfar kwano da ɗaki ɗaya da maigadi yake kwana, amma layin ko turken wuta ba a kafa ba tukunna. Ni kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na san ba ni da ƙarfin hawan mota kullum, mashin ɗina ya ishe ni, kenan motar zaman dirshan za ta yi. Abu biyu ya bar min: duk sati in je in yi mata wamin, sannan kar wanda ya taɓa masa tiraka, wato na'urar bibiyar mota, don daga can yake buɗe waya yana ganin inda take.

Haka na dinga yi, in je in tayar da ita ta yi minti goma ko sha biyar a silo in kashe in rufe. Da farko kik ɗaya take tashi, a hankali ta fara jan kik ɗin da nauyi, rannan na murɗa makulli sai ƙat-ƙat-ƙat kawai nake ji, fitilun dashbod suna lumshewa. Otomatik ce, babu zancen a kira yara su tura. Sai na ɗauko mai rewayan da Yaya yake kai wa aiki a bayan mashin muka tafi, ya ɗora mita a kan batir ta nuna bolt 10.8, ya girgiza kai.

"Yallaɓai, wamin ɗin nan naku na sati-sati ba caji ba ne fa, ƙona mai ne kawai."

Nace to ai altaneta tana caji in dai injin yana aiki. Yace tana yi, amma nawa take zubawa a minti goma, nawa kuma yake fita a kwana bakwai? Bari mu auna ka gani da idonka.

Wannan awon shi ne abun da nake ganin duk wanda zai ajiye mota ya kamata ya fara yi kafin ya sayi komai. Amma da yake batirin ya riga ya kwanta sai da muka cire shi muka kai wajen mai caji, mai janareta ne, muka ce masa ba na sauri muke so ba, ya bar shi ya kwana yana sha a hankali, wajen am 6, wato kashi ɗaya cikin goma na 62Ah ɗin da ke rubuce a jikinsa (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka, am sau awa). Da aka sauke aka bar shi ya huta na wasu awanni ya tsaya a 12.5, da muka maida shi aka yi kik mita ba ta faɗi ƙasa da 10 ba, mai rewaya yace ya ji jiki amma da sauransa, in da ya sauka ƙasa da 9.6 lokacin kik da sai dai sabo. Lambobin da ya sa na haddace kenan tun ranar: batir lafiyayye da ya cika ya huta 12.6 ko 12.7 yake nunawa, 12.4 ya ci kusan kwata, 12.2 rabi ne, in ka ga 12.0 to saura ƙiris, ƙasa da haka kuma ya fara lalacewa ne yana zaune.

Sai aka zo awon abun da motar take sha tana kashe. Ya cire makulli, ya rufe ƙofofi duka, ya kwance wayar negatif da sifana lamba 10, ya maida jar wayar mita ramin 10A, ƙafa ɗaya a kan batir ɗaya a jikin wayar da ya kwance, yanda duk wutar da za ta shiga motar sai ta bi ta cikin mita. Yace kar in kuskura in taɓa makulli ko in buɗe ƙofa, kik a wannan halin fiyus ɗin mitar zai ƙone nan take. Muka koma gefe muka zauna a kan bulo muna hira da Baba maigadi kusan rabin awa, don kwamfutar mota ba ta yin barci nan da nan, in ka karanta da wuri za ka ga lamba babba ka tsorata a banza. Da muka dawo am 0.19 take nunawa ta ƙi sauka. Yace mota irin wannan bai kamata ta wuce 0.05 ba. Ya fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ni ina kallon mita, yana zuwa kan na rediyo sai ta faɗo 0.06. Ashe wannan rediyon mai allo da aka sa mata daga baya ne, wanda ya haɗa shi ya jona wayar da ya kamata ta mutu da makulli a kan layin da kullum akwai wuta, allon yana duhu amma cikinsa bai taɓa kashewa ba. Lokacin da Yaya yake hawanta kullum ba wanda ya lura don altaneta tana rufa asiri.

To ga lissafin, ba wani mai wuya ba ne. 0.19 sau awa 24 ya ba ka wajen 4.5Ah kullum, a sati sama da 30Ah, rabin batirin kenan ya tafi. Wamin kuma, ko ka ɗauka am 15 ne ke shiga batirin a silo, minti goma 2.5Ah ne kacal. Randa ce mai yoyo dare da rana kai kuma kana zuwa ran Asabar ka zuba moɗa ɗaya ka tafi. Ko da muka bar fiyus ɗin rediyon a cire, 0.06 ɗin da ya rage, wanda tiraka ce da agogo da kwamfutar motar suke rabawa, kusan 1.5Ah ne a rana, sama da 40Ah a wata. Wato ko an gyara, wata ɗaya ya isa motar ta ƙi tashi. Ga kuma abun da batir yake zubarwa da kansa ko ba a jona masa komai ba, a wuri mai sanyi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ne a wata, amma duk ƙarin digiri 10 na zafi kusan ninkawa yake yi, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, ƙarƙashin rumfar kwano ma ba a magana. Kuma matsalar batirin ruwa, in ya daɗe a ƙasa wani farin gishiri yake daskarewa a jikin farantan dalmar da ke ciki, tun yana narkewa in an yi caji har ya taurare ya ƙi, shi ya sa za ka ga batir an kai caji ya nuna ya cika amma kik biyu ya mutu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cire kan negatif a bar shi a cire, kuma ita na fara kawo wa Yaya a WhatsApp. Yace a'a.

"Kai, in ka cire kan batir ai tirakar ta mutu, ɗan batirin cikinta ba ya jimawa. Wajen nan daji ne fa."

"To Yaya ko dai tiraka ko batir, sai dai in za a samo wuta."

"Ka samo ɗin mana."

Maganar janareta ba ta ma taso ba, wa zai dinga zuba mai yana tayar da janareta saboda batir ɗaya. Ɗauko batirin a kai caji duk bayan sati biyu kuma a bayan mashin, ruwan asid yana tsiyaya a wando, shi ma ba abun ɗorewa ba ne, kuma duk ranar da yake wajen caji motar ba ta da tiraka. Sola ce kawai ta rage.

Na shiga France Road da lissafina a takarda. Shagon farko mai wat 100 ya nuna min yace gara in sayi babba sau ɗaya, na biyu kuma wani ɗan siriri ya ɗauko mai kan laita a jiki, yace a gilashin gaba ake ajiyewa a soka a ramin laita shikenan. Duk biyun ba su dace da ni ba. Shi na laitar, a Corolla da yawancin motocin Japan ramin laita mutuwa yake da an zare makulli, za ka soka ka tafi kana murna alhali ko ɗigo ba ya isa batir, in kana so ka tabbatar a taka motar ka sa cajar waya ka zare makulli ka ga ko fitilarta za ta ci gaba da ci. Sannan gilashi yana rage hasken, in tintek ne ya fi muni, zafin dashbod kuma yana ƙara rage ƙarfin fanel, ga shi dole sai ka bar motar a rana tana gasuwa. Tamu a inuwa take kuma a nan nake so ta zauna. Babban kuma asarar kuɗi ce da jawo idon ɓarayi.

Mai wat 20 na saya. A bayansa akwai takarda da aka rubuta abun da yake bayarwa, wajen am 1.1 in rana ta take. A nan Arewa in ka tattara hasken yini guda ka matse, yana kai kamar awa biyar na cikakkiyar rana, kenan wajen 5Ah a rana, ni kuma abun da ke fita 1.5 ne, a ƙara na zubewar batirin da ɗan abun da kwantirola, na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, ita ma take ci a ce 2. Mai wat 10 a takarda ya isa, amma ranar da hazo ko ƙura suka raba shi biyu zai koma ƙasa da abun da motar take sha, shi ya sa na tsallake shi. Da fanel da kwantirola da waya da fiyus da kuɗin mai walda duka ba su kai rabin kuɗin sabon batir ba a lokacin.

Kwantirola kuwa dole ce, duk wanda yace maka ƙaramin fanel ne ka jona kai tsaye kar ka yarda. Fanel ɗin da ake kira na bolt 12 in ka auna shi a rana ba a jona komai ba wajen 21 ko 22 yake nunawa. In batir ya cika ba abun da zai tsayar da shi, zai ci gaba da turawa har ruwan ya dinga tafasa yana ƙafewa, wata biyu a zafin nan ka dafa batirin. Ita kwantirola tana barinsa ya hau zuwa wajen 14.4 ya cika, sai ta sauke shi ta riƙe a 13 da wani abu, da dare kuma ta hana wuta komawa baya cikin fanel. 'Yar shuɗiyar nan mai am 10 na ɗauka, irin da ake kira PWM, mai ɗan allo da madannai uku. Akwai irinta sak da aka buga wa MPPT, sunan wani nau'in kwantirola daban, a goshi ana ƙara kuɗi, yawanci cikinsu ɗaya ne, MPPT ta gaske tana da nauyi da tsada kuma fanel mai wat 20 ba ya buƙatarta. Abun dubawa shi ne a saita ta a kan batirin ruwa ba lithium ba, lambobin b1 b2 b3 ɗin nan kowane kamfani da yanda ya jera nasa, a karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin. Inda take riƙewa ya zo a 13.7, mai rewaya ya sauke zuwa 13.5 saboda zafi, don batir mai zafi ba ya son bolt mai yawa.

Ranar haɗawa mai walda ya yi wa fanel ɗin firam da angil ayon muka ɗaure a saman rumfar da noti ta ciki, yanda daga waje ba ka ganinsa sai ka hau katanga. Kudu ya kalla, in ka fuskanci gabas hannun damanka kenan, an ɗan karkata shi kaɗan, mu da muke wajen digiri 12 daga tsakiyar duniya ba ma buƙatar tsayar da shi sosai, ɗan gangaren da ruwa zai wanke ya zube ya isa. Abun da ya fi ɗaukar mana lokaci darbejiyar maƙwabci ce, da safe wurin fes yake amma bayan azahar reshe ɗaya yana jefo inuwa a kusurwa. Ƙwayoyin cikin fanel a jere suke kamar sarƙa, inuwa ta rufe biyu ko uku sai ka ga wutar duka ta faɗi, mun gwada da tafin hannu, ka rufe gefe ɗaya lambar da ke allo ta zube kusan sifili. Sai da muka matsar da shi ɗaya ƙarshen rumfar.

Kwantirolar a jikin ginshiƙin rumfa muka kafa ta dab da hancin motar, don wayar da ke tsakaninta da batir ta zama gajera, doguwar ta zama ta ɓangaren fanel. Ba ma son ta a cikin bonet saboda zafin inji ranar da za a tayar. Waya mai kauri lamba 2.5 muka sa, muka zura ta cikin fayif ɗin wayarin don ɓerayen wurin ba su da kunya. A kan jar wayar, bai fi taƙi ɗaya daga kan batir ba, aka sa fiyus mai am 5. Mutane suna raina wannan fiyus ɗin suna cewa ai fanel ɗin am 1 ne, amma ba don fanel ake sa shi ba, don batir ne, in ɓera ya ɓare wayar ta taɓa bodi batirin zai iya tura ɗaruruwan am ta cikinta ta yi ja ta kama da wuta, kuma ba kowa a wurin sai tsoho ɗaya. Maimakon kilif mai baki irin na jona mota, zobe muka sa aka ɗaure da notin kan batir, bayan an wanke farin garin da ya taru a kai da ruwan ɗumi da bakin hoda an shafa giris. Wayar ta fito ta ƙasan giril bonet ya rufu ruf, da fulogi a tsakani da za a iya zarewa, sai ɗan suwic a kan wayar fanel. Jerin haɗawar ma akwai ƙa'ida: batir ake fara jonawa da kwantirola ta farka ta gane 12 ne ba 24 ba, sannan a kunna fanel, wajen cirewa kuma fanel ne farko. Kuma wannan ne dalilin da ya sa sai an cika batir a wajen mai caji tukunna, ƙaramin fanel aikinsa riƙe cikakken batir ne, mataccen batir wata kwantirolar ko kunnuwa ba za ta yi a kansa ba.

Karanta lamba ma sai an san lokaci. In ka je da rana ka ga 13.5 ko 14 ba batirin kake gani ba, aikin fanel kake gani. Ta asuba kafin rana ta fito ita ce gaskiya, bayan motar ta kwana tana sha ba mai zubawa. Na nuna wa Baba maigadi inda lambar take, nace Baba in kun idar da sallah don Allah a dinga leƙa min, in dai ta fara da 12 da ɗigo 5 ko 6 ko 7 lafiya lau, ranar da kuka ga 12.3 ko ƙasa ku yi min filashin. Bazara ta wuce tana 12.6, abun da kawai na yi shi ne buɗe murafun batirin lokaci-lokaci in duba ruwa, don irin mai murfi shida ne, ramin da ya ja baya in ƙara masa ruwan batir har ya rufe farantan. Tataccen ruwan nan na kwalba nake nufi, ba asid ba kuma ba fiya wata ba. Na kuma roƙi Baba ya matsar da murhun shayinsa daga rumfar, batir yana caji yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi kaɗan take jira. Damina ma ba ta kawo matsala ba, a Agusta akwai ranakun da hadari ya rufe tun safe ta sauka 12.5, rana tana buɗewa ta koma.

Filashin ɗin farko a Oktoban 2024 ya zo, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda matsalar manyan layukan wuta. Na je na tarar da 12.2, fanel tas, waya lafiya, fiyus lafiya, har na fara zargin batirin ne ya gaji. Sai idona ya kai kan ginshiƙin, ga igiyar caja a rataye a jikin kwantirola, ga kuma wata reshe uku a ƙasa a kan bulo. Ramukan USB biyun nan da ke jikinta ne. Nace Baba wannan fa?

"Wallahi ɗana masu caji ne suka tsawwala, sai ka kai waya ka bi layi. Na ga rana ce ta Allah take ba da wutar, shi ne nake ɗan sawa, maƙwabta ma sukan kawo."

Kuma shi a ganinsa gaskiya ya faɗa, bai san cewa wutar ramukan nan daga batirin motar take fitowa ba, musamman da dare da suka fi sawa. Babbar waya ɗaya mai 5000mAh in za ta cika daga ƙasa tana cin kusan 2Ah daga batirin 12, ya fi abun da motar gaba ɗaya take sha a yini, uku kuwa sun cinye duk abun da fanel ya tara. Ban ga amfanin faɗa ba, mutumin da yake kwana shi kaɗai a wurin da ba wuta kana ajiye masa caja a gabansa kace kar ya taɓa. Na faɗa wa Yaya ya turo kuɗi muka saya masa fitilar sola mai nata ɗan fanel da wurin cajin waya, wani kafinta kuma ya yi wa kwantirolar akwatin katako mai kwaɗo, da taga da aka yanka daidai allon da ramukan shan iska a gefe. Batirin na sake kai shi caji ya cika, don daga 12.2 ragowar 3Ah a rana zai ɗauki kwanaki kafin ya hau, kuma ban so ya daɗe a ƙasa.

Hunturu shi ne gwajin gaske. Disamba da Janairu hazo yana tare rana daga sama, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashin, za ka iya rubuta sunanka da yatsa. Na taɓa tsayawa da tsakar rana allon yana nuna am 0.4, yaron maƙwabta ya hau tsani ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, kafin ya sauko ta koma 0.8. A nan na gode Allah da ban sayi mai wat 10 ba. Da safe ko da yamma ake gogewa, ba a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗau zafi, kuma busasshen tsumma karce shi yake yi. Kashin tattabaru ma haka, guda ɗaya in ya bushe a kai yana aikin inuwa.

Sola batir kawai take kula da shi, sauran motar suna nan da nasu buƙatun, don haka kamar sau ɗaya a wata nakan fita da ita in bi titin Gwarzo in yi tafiyar rabin awa ko fi, inji ya yi zafi sosai, giya ta shiga duka, birki ya goge tsatsa, taya ta sauya wurin da take zaune. Wannan ya fi wamin huɗu amfani, gajeren silo ruwa kawai yake tarawa a salansa da cikin bakin mai. Ba na jan hambirki in na ajiye, P nake sawa in tokare taya da bulo don kar birkin ya manne. Kafin fita in kashe suwic ɗin fanel, in zare fulogi, kuma akwai kwali da na rubuta CIRE WAYA na rataya a sitiyari, don abu ne mai sauƙi mutum ya shiga ya yi ribas ya tumɓuke komai.

In kai motarka ba ta da tiraka ko wani abun da dole ya zauna a kunne, gsky ba sai ka sha duk wannan hidimar ba. Ka cika batirin, ka kwance negatif ka naɗe kan wayar da tsumma don kar ta koma ta taɓa, ka dinga aunawa, ya kusa 12.4 ka kai shi caji, a zafin nan bai kamata ya wuce wata ɗaya da rabi zuwa biyu ba a waiwaye shi ba. In duka biyun za ka cire, negatif ne farko wajen kwancewa, shi ne na ƙarshe wajen ɗaurawa, don in sifana ta taɓa bodi kana kan fositif alhali negatif yana ɗaure za ka ga tartsatsin da ba za ka manta ba. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, wasu Honda rediyonsu zai nemi kod, silo ma yakan ɗan rikice na ɗan lokaci kafin kwamfuta ta daidaita. In ka kawo shi gida ka ajiye a ɗaki mai sanyi da iska nesa da yara, zancen wai siminti yana shanye caji kuma tun zamanin batir mai akwatin katako ne, na roba na yanzu ba ruwansa. Mai inbata a gida zai iya sa caja ta batirin mota a soket kamar kowane kaya, amma kar a ɗauki batirin mota a jona shi kai tsaye a jikin bankin sola, da yawa bolt 24 ne ko 48.

Namu batirin dai yanzu ya tsufa, dama ya taɓa kwanciya har 10.8 kuma wannan ba ya gogewa, lambar asuba ta dawo 12.4 ko an goge fanel tas, ramuka biyu kuma sun fi sauran shan ruwa. Mai rewaya yace shekaru ne, sola ba ta hana tsufa. Na riga na sanar da Yaya, kafin zafi ya sake shigowa zan shiga Ƙofar Ruwa in ɗauko mai 75Ah, tsohon in ba su a rage min kuɗi, zoben da fiyus ɗin kuma su koma kan sabon yanda suke.